Yadda za ka karanta layuka da yawa a Haskell alhali babu while

Duk wanda ya saba da Python ko C ya shigo Haskell, abin da zai fara lalube shi ne while, to malam babu ita, ka huta da nema. getLine layi ɗaya tak take ɗaukowa, in kana son da yawa sai ka fara tambayar kanka, na san adadin layukan ko ban sani ba?

In ka sani, irin tambayoyin gasar kodin ɗin nan da ake ba ka adadin a layin farko, ba wata wahala. Ka shigo da Control.Monad sai ka rubuta:

    main = do
      n <- readLn
      ls <- replicateM n getLine
      mapM_ putStrLn ls

replicateM ce ke maimaita getLine sau n ta tara maka su a jeri ɗaya, shi ke nan fa.

In kuma so kake mutum ya yi ta rubutu har sai ya danna Enter a layin da ba komai, nan fankshin ne zai riƙa kiran kansa:

    karanta = do
      l <- getLine
      if null l
        then return []
        else do
          saura <- karanta
          return (l : saura)

Amma ka lura, idan shigarwar ta ƙare kafin a zo wannan layin, getLine za ta jefo maka kuskuren ƙarshen fayil firogiram ɗin ya mutu. Maganinsa isEOF da ke cikin System.IO, wadda ke gaya maka ko shigarwar ta ƙare, ka fara duba ta tukuna kafin ka karanta.

Ni dai a ganina yawancin lokaci duk ba ka buƙatar wannan zagaye-zagayen, getContents ta kwaso komai lines ta yayyanka maka shi layi-layi, kuma da yake Haskell ba ta yin aiki sai an buƙace shi, ba wai za ta loda duka fayil ɗin a memori lokaci guda ba ne, a hankali take janyowa gwargwadon abin da ka taɓa. Ga wanda ke tara lambobi da interact, wadda ke kwaso komai kamar getContents, ta miƙa wa fankshin ɗinka, sannan ta nuna sakamakon:

    main = interact (show . sum . map read . lines)

Layi ɗaya wallahi. In da hannu kake bugawa sai ka sanar da ita ka gama, Ctrl+D a Linux da Mac, a Windows kuwa Ctrl+Z sannan Enter, in ba haka ba za ta zauna tana jiranka kai kuma ka ɗauka ta maƙale. Kada kuma ka kira getLine bayan getContents, getContents ta riga ta riƙe stdin, wato hanyar da shigarwa ke bi ta shigo, kuskure kawai za ka samu. Sannan read ba ta da haƙuri ko kaɗan, harafi ɗaya ya shiga cikin lamba ta rushe komai, gara readMaybe daga Text.Read, wadda in ta kasa karantawa Nothing kawai take dawo maka da shi maimakon ta rushe.

In ka sa putStr don tambayar mutum ka ga tambayar ta ƙi fitowa sai bayan ya rubuta amsa, ka sa hFlush stdout a ƙasanta, ita ma a System.IO take.