Kurakuran da ake yi wajen gyaran injin banda mai lantarki, kafin ka ce elemen ya mutu

Tunda mata suka rungumi sana'ar kaza da kifin banda suna tallatawa a WhatsApp, wannan akwatin banda mai lantarki da wasu ke ce wa simoka ya fara shigowa shagona, da can aikina firji ne da kuka da dutsen guga. Yawancinsu na hannu ne daga Amurka, ko an saya wajen 'yan gwanjo ko wani ɗan'uwa ya sako shi a kwantena. Kuma duk wanda ya sauke shi daga adaidaita magana ɗaya ce a bakinsa, "Malam elemen ne ya mutu, nawa ne sabo?" Toh ni dai abin da na gani da idona, sau da yawa elemen ɗin, wato ƙarfen da ke ba da zafi a cikin akwatin, lafiyarsa ƙalau, wani ɗan abu ne na kuɗi kaɗan ya hana shi aiki, amma sai an yi odar sabo an zauna jira an ɗaura an kunna, shiru kake ji.

Bari in fara da kuskuren da ya fi cin kuɗi. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Mutum ya samu adafta filogin ya shiga soket sai ya ɗauka shikenan an gama, alhali adafta ba ta canza komai, baki kawai ta haɗa. Ƙaramin akwatin kamfanin Masterbuilt mai inci 30 elemen ɗinsa wat 800 ne, babban mai inci 40 kuma wat 1200. Wannan mai wat 800 ɗin in ka ɗura masa 230 kai tsaye zai nemi ya ja kusan wat 2900, wato ya kusa ninka ƙarfinsa sau huɗu, kuma galibi kafin ma elemen ya ji jiki fanel ɗin sama, wato allon da ake saita zafi, ya riga ya yi tas ya fitar da wannan warin ƙonewar da duk mai gyara ya sani. Don Allah juya bayan akwatin ka karanta 'yar takardar da aka manna, in ka ga 120V to sai da sitef-dawun, wato taransfomar da ke rage ƙarfin wuta. Akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Turai masu 230, su ba ruwansu da wannan.

Sai kuma sitef-dawun ɗin kansa, nan ma ana tafka ta. A sayo ɗan ƙarami mai wat 500 irin na talabijin a ɗora masa akwatin da ke jan 800 na tsawon awa biyar ko shida, ai zalunci ne, zai yi zafi ya fara ƙugi ya ƙone. Ni ba na yarda da ƙasa da wat 1500 ga ƙaramin, babban kuma 2000 zuwa sama. Wannan soket ɗin 110 da ke jikin wasu sitabilaiza ma kada ya ruɗe ka, galibi ba ya ɗaukar cikakken ƙarfin da aka rubuta a kwali. Ƙaramin janareta mai cin fetur da inji-oyil a haɗe kuwa ka bar shi ya ji da fanka da ƙwai.

Akwai wata Hajiya da ta kawo min nata sau biyu, wai ba ya zafi, kaza tun azahar har magariba ba ta nuna ba. Na gwada a shago yana aiki lafiya lau, ta koma gida ta sake bugo waya, "Ɗana wallahi abin nan yaudararka yake, da ya zo gida sai ya kwanta." Na ce Hajiya bari in zo da kaina. Na sa mitar auna wuta a soket ɗin bayan kicin, bolt 180 na gani. Kaga sitef-dawun raba wuta biyu kawai yake, ba ya ƙara ko ɗigo, 180 ta shiga 90 ta fita, kuma zafin elemen ba daidai da raguwar wuta yake sauka ba, faɗuwa yake sosai, mai wat 800 a kan bolt 90 abin da zai bayar wajen wat 450 ne, kusan rabi. Ga shi kuma ta jawo wutar da wata doguwar siririyar wayar ekstenshin da aka naɗe rabinta a ƙarƙashin tebur, na taɓa na ji ta da ɗumi kamar an ajiye a rana. Muka sa sitabilaiza mai ƙarfi kafin sitef-dawun, muka canza waya zuwa mai kauri 2.5mm gajera, ko sukuru ɗaya ban kwance a jikin akwatin ba. A tuna cewa a ɓangaren bolt 120, amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya, ta fi yawa, mai wat 1200 amfiya 10 yake ja, siririyar waya ba za ta iya ba.

Yanzu in wuta ta cika, fanel ya kama, 'yar fitilar zafi ta kunna, har ka ji ɗan ƙas ɗin rile, wato makunnin da ke ba wa elemen wuta da kansa, amma ciki sanyi ƙalau, nan ne kowa ke yanke wa elemen hukunci. Dakata. Zare filogi daga bango tukuna, zarewa nake nufi ba kashe makunni ba. A bayan akwatin daga ƙasa akwai ɗan murfin ƙarfe da sukurori, wasu tsofaffin ma ribit aka buga sai an huda, buɗe shi za ka ga ƙafafun elemen biyu da wayoyi biyu da aka soka musu da 'yan kawunan ƙarfe. Wannan wurin shi ne makabartar waɗannan injina. Tururi da maiƙo da gishiri suna taruwa, kan ya yi tsatsa ya saki, da ya saki sai ya fara zafi da tartsatsi har ya cinye kansa. Ranar da na fara nuna wa yarona, ya taɓa wayar da yatsa kawai ta faɗo, kan ya zama baƙi yana marmashewa kamar gawayi, robar ta ƙanƙance ta yi tauri. Ya ce "Oga ashe wannan ne kawai?" Na ce shi ne kawai, kuma mai shi har ya tura kuɗin sabon elemen.

Gwajin elemen ba wuya. Cire wayoyin biyu daga jikinsa, juya mita zuwa om, ɗora a ƙafafun biyu. Mai wat 800 na 120 zai nuna wajen om 18, mai 1200 wajen 12, in na 230 ne mai wat 800 za ka ga wajen 66. In ka ga lamba kusa da haka yana da rai. In mita ta nuna OL ko 1 a gefe ba ta motsa ba, toh wannan karon da gaske ya tsinke. Sai gwaji na biyu da mutane ke tsallakewa, ƙafa ɗaya da jikin bututun elemen ɗin, nan bai kamata ka ga komai ba, in ka ga lamba to wuta na zurarewa zuwa gangar jiki.

Gyaran waccan wayar da ta ƙone ma akwai yadda ake ɓata shi, kuma abin haushi masu gyara ne ke yi. A murɗa waya a ƙafar elemen a naɗe da baƙin salatif, ko a ɗiga dalma a ce an gama. Salatif narkewa zai yi ya zama danƙo, dalma kuma tsakanin digiri 183 zuwa 190 take narkewa, haɗin da ya fara zafi ba ya jimawa zai kai nan. Abin da ya dace, ka yanke waya har inda jan ƙarfen ke ƙyalli, in ta gajarce ka ƙara da waya mai jure zafi irin mai rigar zare da ake sa wa kuka da oben, ka goge ƙafar elemen da samfefa, ka matse sabon kai mai jure zafi da filaya sosai, ka ja da hannu ka ji bai motsa ba. Masu kayan gyaran kuka a Sabon Gari suna da su, ka tafi da tsohon a aljihu don girman ya zo daidai.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na masu cewa "yana ɗan ja na in na taɓa ƙofa" suna dariya, ko kuma da an kunna bireka, wato abin da ke yanke wutar gida in an samu matsala, ta faɗi. Maganin da ake yi a unguwa shi ne a karya ƙafa ta uku ta filogi ko a tsinke wayar at, wato wayar tsaro da ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa, bireka ta daina faɗuwa kowa ya yi murna. Wannan akwatin ƙarfe ne, da kwanon ruwa a cikinsa, a tsakar gida ake ajiye shi inda ake wanke-wanke, mace na aiki da jiƙaƙƙen hannu wani lokacin ba takalmi, yara na zagayawa. Bireka ba hauka take ba, wuta ta gani tana bin inda bai kamata ba. Yawanci da damina ake samun haka, don cikin bututun elemen akwai wani farin gari da ke raba wayar zafi da bututun, kuma garin nan yana shan danshi in an daɗe ba a kunna ba. A kwance elemen ɗin a sa shi a oben da ɗan zafi kaɗan na awa biyu ko a shanya shi a rana mai ƙarfi, a sake gwadawa da mita, in ya daina nunawa Alhamdulillah, in bai daina ba ko ka ga tsaga ko kumburi a jikinsa sai sabo. Sannan a duba ko sitef-dawun ɗin ma yana wuce da at, wasu masu arha ramin ne kawai babu waya a ciki.

Haka ma ɗan maɓallin tsaro mai kama da kwabo da ke manne a bango ta baya, wanda ke yanke wuta in zafi ya wuce ƙima. In ya lalace sai wani ya haɗe wayoyinsa biyu ya ce ai ba shi da amfani. Ranar da rile ya manne ya ƙi saki, elemen zai yi ta ci ba mai tsayar da shi, ga kitsen kaza ya taru a ƙasa. A gwada shi da mita yana sanyi, ya kamata wuta ta wuce, in ba ta wuce ba a nemo mai lamba irin tasa a sa.

Akwai kuma waɗanda ba lalacewa ba ce sam. Wani ya kira ni hankali a tashe wai fanel na nuna 225 amma ya sa hannu ciki bai ƙone ba, lissafin Amurka ne na Farenhait, 225 ɗinsu wajen 107 ne a namu, kuma ƙarshen abin da yawancinsu ke kaiwa 275 ne wato 135, don haka mai son fatar kaza ta yi ƙaras-ƙaras kamar ta mai tsire ya haƙura, ba aikin da aka yi shi dominsa ba kenan. In kuma kana zargin lambar ƙarya take, duba ɗan ƙaramin ƙarfen da ya leƙo a bangon ciki, shi ne ke jin zafi, in baƙin maiƙo ya rufe shi ko tire ya jingina da shi zai riƙa ba da labarin banza. Goge shi da tsumma da ruwan ɗumi, ka rataya wani ma'aunin zafi daban a ciki ka kwatanta. Kaza dai sai cikin tsokarta ya kai 74 a namu lissafin kafin a ce ta nuna, ko fanel ya ce me.

Rashin hayaƙi shi ma ana ɗora wa elemen laifi, musamman a watan Afrilu. Ɓarɓashin itacen da ake zubawa a tire yana hayaƙi ne kawai lokacin da elemen ke ci, kuma elemen na ci ne in zafin ciki ya sauka. Ka ajiye baƙin akwati a tsakiyar ranar Kano ka saita ɗan zafi kaɗan don kifi, ai rana ta riga ta yi rabin aikin, elemen zai ɗan kama ya saki, itace ba zai samu abin da zai turnuƙe shi ba. Mayar da shi inuwa inda iska ke wucewa, buɗe hujin sama gaba ɗaya, zubar da tsohuwar toka, ka tabbatar tiren itacen ya zauna daidai kan elemen, kuma a daina jiƙa itacen har yana ɗiga.

Fanel kuwa in ya ƙone da gaske, samun irinsa a nan wahala ne kuma odarsa da tsada. Abin da na fi yi yanzu shi ne in mayar da akwatin gaba ɗaya na 230, elemen na 230 mai wat daidai da na da, ƙaramin kwanturola irin REX-C100 da rile mara motsi da wayar jin zafi nau'in K, a bar maɓallin tsaro a layinsa, a haɗa at da gangar jiki, sitef-dawun ya huta. Amma kada wani ya canza elemen kaɗai ya bar tsohon fanel ɗin 120 ya soka a bango, an kawo min guda biyu da aka yi wa haka. Kuma kafin ka ce fanel ya mutu buɗe shi ka leƙa, na taɓa samun gidan kyankyasai cike a ciki, wani kuma ɓera ne ya bi ƙanshin kitse ya gutsure siririyar wayar da ke sauka daga fanel zuwa ƙasa, na haɗa ta na sa mata riga, na ce wa mai shi ya riƙa wanke tiren maiƙo duk bayan aiki ya ɗora akwatin kan bulo ya rufe shi da tamfol.