Yadda Unguwa Za Ta Shirya wa Zafin Bazara

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato, Maiduguri, Kano da Yamai kan haura digiri 40. Amma daren da ba ya hucewa ne ya fi kwantar da mutane. Kwano, bulo da kwalta suna shan rana wuni guda, su yi ta fitar da zafin har asuba, shi ya sa lungu mai cunkoso ya fi gefen gari gumi. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma da yawa daga waɗanda suka rasu a Bamako a kwanakin tsofaffi ne.

Tun cikin hunturu ake fara shiri. A Janairu mai unguwa ya tara liman, ungozoma, ma'aikacin lafiya da matasa, a bi gida-gida a rubuta inda akwai tsoho mai kwana shi kaɗai, jariri, mai juna biyu, da masu hawan jini, ciwon suga ko ƙoda. A lura da ɗakin ma: gajeren kwano ne? Akwai silin? Taga nawa? Kowane suna a ɗora shi a wuyan maƙwabci guda, ya leƙa bayan azahar da bayan isha'i. In an ce "kowa ya sa ido", ba wanda zai sa.

Rufi ne babban aikin. A wanke ƙurar hunturu daga kan kwano, ya bushe, sannan a shafa farin fenti ko farar ƙasa hawa biyu. In aka shafa a kan ƙura, ɓarewa zai yi. Farar ƙasa ta fi araha, sai dai damina tana wanke ta, dole a sake kowace shekara. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fara tsarin tunkarar zafi a 2013, ya rungumi wannan dabara a unguwannin talakawa. Wanda ba shi da halin silin ya ɗaura zana ko tabarma a ƙarƙashin kwano, ya bar kafa a saman bango don iska mai zafi ta fice. Fanka kuwa, idan ɗaki ya kai digiri 40, hucin kawai take kaɗawa, sai an jiƙa jiki ko zane.

Darbejiya a dasa ta farkon damina, yamma da gida, nesa da bango, a kewaye ta saboda awaki.

A ajiye randuna masu murfi a inuwar masallaci, tasha da bakin kasuwa, da moɗa mai dogon hannu, a kuma sa mai wanke su. Idan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta yi gargaɗin zafi, liman ya sanar, 'yan dako, masu ga-ruwa da magina su sassauta aiki daga ƙarfe 12 zuwa 4.

Mai jiri da yawan gumi, a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da suga: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan jiki ya yi rau, mutum ya fara sambatu ko ya suma, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, har a hanyar asibiti. Kada a ɗura wa sumamme ruwa, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. In akwai sanƙarewar wuya, a gaya wa likita, domin lokacin sanƙarau ne ma.