Yadda za ka kwashe waƙoƙin faifan garmaho ka zuba su a waya

In kana da tarin faya-fayan garmaho a gida, irin wanda iyaye suka bari cikin kwali a saman kabad, to dan Allah kar ka bari su lalace a haka. Da yawa daga waƙoƙin kalangu da kukuma da goge da kamfanoni irin su EMI da Decca suka buga a Najeriya ba lallai ka same su a intanet ba, wani lokacin faifan da ke hannunka shi kaɗai ya rage a unguwarku. Kwashe su ba wuya, haƙuri kawai yake so, tunda faifai ba a yi masa gaggawa, gefe ɗaya na babban faifai kusan minti 20 ne kuma sai ka zauna ya ƙare.

Kayan aiki: garmaho mai lafiya, kwamfuta, da abin da zai haɗa su. Mafi sauƙi shine ka samu garmaho mai USB irin na Audio-Technica, ka soka a kwamfuta shikenan. Amma in tsohon na gida ne zaka yi amfani da shi, kar ka ɗauki wayarsa ka cusa kai tsaye a ramin makirfon na kwamfuta, sautin zai fito siriri ƙasa-ƙasa babu gangar kirki, saboda lokacin buga faifai ana rage bes a ƙara sautin sama, kuma sai an bi ta cikin firi'am na fono, wato na'urar da ke ƙara wa sautin garmaho ƙarfi ta daidaita shi, kafin ya dawo daidai. Tsohuwar amfilifaya da ke da rami an rubuta PHONO tana da shi a ciki, ko ka sayi ƙaramin akwatin Behringer UFO202 wanda ke yin aikin firi'am da haɗawa da kwamfuta ta USB gaba ɗaya. Akwai kuma wata siririyar waya ta ƙasa (earth) a bayan garmahon, ka ɗaura ta a kusar da aka tanada a jikin amfilifayar ko akwatin, in ba haka ba zaka ji wani gurnani "huuum" daga farko har ƙarshe.

In garmahon daga Amurka aka kawo shi ka duba bayansa tukuna, wutarsu 120 ce tamu 230, sai da tiransifoma, kuma wasu tsofaffin injinan saurinsu yana bin bugun wutar ne, a can 60Hz a nan 50Hz, sai kaji mawaƙi ya yi nauyi yana jan murya. Shi yasa ma ban son a yi wannan aikin da janareto, gara inbata ko lokacin da NEPA ta tsaya da kyau. Laftof kuma ka cire caja ka bar ta a batir, cajar kan saka ƙara.

Wanke faifan shine rabin aikin, wallahi mutane na raina wannan. Ƙurar hunturu tana shiga cikin layukan ta zauna, kuma duk ƙas-ƙas ɗin da allura ta taka zai shiga rikodin ɗinka har abada. Ka samu ruwan batir wanda aka tace (distilled water, ba asid ba), ɗigon sabulun ruwa kaɗan, da tsumma mai laushi marar gashi, ka bi layukan a zagaye kar ka goga a gicciye, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye ka jingine shi ya bushe a inuwa. Rana tana lanƙwasa faifai. Masu nauyin nan na 78, wato masu juyawa sau 78 a minti, kuwa kar sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce mai kauri, in ka sa ta 33 ko 45 zaka ji shuuu ya fi waƙar yawa. Allurar da ta cinye a canza ta, tana cin faifan ne.

Sai ka sauke Audacity, manhajar ɗaukar sauti, a kwamfutar, kyauta ne. Ka zaɓi USB ɗin a matsayin inda sauti ke shigowa, sitiriyo, sample rate kuma 44100. Kafin ka fara da gaske ka sa allura a wurin da kiɗan ya fi ƙarfi ka kalli mita, ka rage har ya tsaya wajen -6, in ya taɓa 0 sautin ya fashe kuma babu gyara. Ka danna jan maɓalli sannan ka sauke allura, ka bar gefen ya tafi gaba ɗaya, kar a buga tebur, yara su yi wasa a waje.

Da ya ƙare, abu na farko ka aje shi a WAV ko FLAC yadda yake ba ka taɓa komai ba, wannan shine uwar kwafi. WAV yana cin kamar MB 10 duk minti, FLAC wajen rabin haka. Bayan nan ne zaka yi gyara a kan wani kwafin: Click Removal yana cire ƙas-ƙas, Noise Reduction kuma ka sa masa hannu kaɗan kawai, in ka matsa sai muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, ni gara na ji ɗan shuuu da a kashe min zaƙin kalangu. Ka danna Ctrl da B a farkon kowace waƙa ka rubuta sunanta, sai ka fitar da su ɗaya-ɗaya a MP3 na 320 kbps ko 192 in memori ya yi kaɗan, sannan ka kwafe su zuwa waya.

Ka ɗauki hoton bangon faifan da takardar tsakiya, lambar da ke jiki da sunan kamfani da shekara in akwai duk ka rubuta su cikin bayanin waƙar. In takardar ta goge ka kunna wa dattijon gida, sau da yawa zai gaya maka wa ya yi waƙar da wanda aka yi wa ita. Uwar kwafin ka aje ta wuri biyu, hard disk ɗaya filash ɗaya ko Google Drive, in zaka tura wa 'yan uwa ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen. Faya-fayan kuma a mayar da su rigarsu a jera su a tsaye, nesa da taga da bangon da rana ke duka.