Yadda nake sauraren ƙirji in ina zargin hawan jinin huhu

Abin awon tansiyo da muke ɗaurawa a dantse ba ya ganin hawan jinin huhu. Mace za ta zo tana haki, a auna ta a samu 11/7, wato tansiyo daidai, a ce mata gajiya ce, a rubuta mata maganin ƙarin jini ta koma gida. Alhali jijiyar da ke kai jini huhu daga ɓangaren dama na zuciya tana da nata matsin daban. A mai lafiya matsakaicinsa wajen 14 mmHg ne. Tun 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka tsayar cewa in ya haura 20, mutum yana hutawa, ciwo ne. Da can sai ya kai 25. Auna shi daidai sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya, eko kuwa, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka da sauti, ƙiyasi take yi. A CSI, wato ƙananan asibitocin ƙauyukanmu na Adar babu ko ɗaya. Siteto, abin sauraren ƙirji, shi ne a wuyanmu, kuma aikinsa guda: ya nuna mana wa ya cancanci a tura shi eko. Ga yadda nake koya wa ƴan sitaj, ɗalibai masu koyon aiki, da ke zuwa wurina a nan Tawa.

Fara da kashe fanka. Na san zafin watan Afrilu, amma minti biyu ba za su kashe kowa ba, kuma ƙarar da kake nema ba ta jure hayaniya. Mai rakiya ya yi shiru, waya ta koma aljihu. Kishingiɗar da maras lafiya, kai da kafaɗu a ɗan ɗage. Siteto a kan fata ake ɗora shi, saman riga gogar yadi kawai za ka ji. In dattijuwa ce nakan ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan ɗan sassauta zanen nan in ji ƙirjinki," a ja labule, ƴarta ko wata ma'aikaciya tana tsaye.

Hannu kafin kunne. Ɗora tushen tafinka a gefen hagu na ƙashin tsakiyar ƙirji. In ka ji ana ɗago maka hannu da kowane bugu, ɗakin dama na zuciya ya yi kauri saboda turin da yake fama da shi. Sannan ka lalubo tudun nan da ke saman ƙashin ƙirji, inda haƙarƙari na biyu ya haɗe. Ramin da ke ƙarƙashin wannan haƙarƙarin, ta hagu, dab da ƙashin, nan ne wurin aikinka. Wani lokaci ma da yatsa za ka ji ɗan tsalle a wurin.

Zuciya ƙara biyu take yi. Ta farko, B1, ita ce rufewar bawul biyun, wato ƙyamaren da ke hana jini komawa baya, da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa. B2 kuwa rufewar bawul ɗin babbar jijiyar jiki ce da na jijiyar huhu, kusan tare. In bugu ya yi sauri sukan rikice wa sabon shiga, don haka ka sa yatsa a jijiyar wuya: ƙarar da ta zo tare da bugun ita ce B1, mai bi mata B2.

Nan nake ɓata lokaci da yara, don nan ne maganar take. B2 ba ƙara ɗaya ba ce. Ta babbar jijiya ce ke fara zuwa, ta huhu na biye, kuma a mai lafiya ta huhun tana da laushi, a ramin nan na hagu kaɗai ake jin ta. In mutum ya ja numfashi sukan ɗan rabu, in ya sauke su haɗe. Wannan lafiya ce. In matsin huhu ya hau, bawul ɗin yana rufewa da ƙarfi, sai ka ji tau! kamar iska ta banko ƙyauren langa-langa. Yi amfani da faffaɗar fuskar siteto, ka danna ta sosai. Saurari ramin dama, ka dawo na hagu, ka sake, har kunnenka ya yanke wanda ya fi. Daga nan ka gangara ƙasan nonon hagu, inda zuciya ke bugun ƙirji. In har can kana jin B2 a rabe biyu, ƙarar huhun ta kai inda bai kamata ta kai ba. Ni na fi yarda da wannan alamar a kan "ta yi ƙarfi" kawai, don ƙarfi kowa da kunnensa. In kuma rabuwar tana da faɗi, ba ta canzawa ko an ja numfashi ko an sauke, ka tuna da hujin da ake haihuwar wasu da shi tsakanin ɗakunan sama.

Sufil, wato ƙarar shuuu da jini ke yi in bawul bai aiki daidai, iri biyu ne ke rakiyar wannan ciwo. Ɗaya a ƙasan ƙashin ƙirji ta hagu, yana cike tsakanin B1 da B2, yana ƙaruwa in an ja numfashi: bawul ɗin dama ne ke yoyo. Ɗayan siriri ne, yana biyo B2 nan take yana dusashewa, shi ne wanda Graham Steell, likitan Manchesta, ya bayyana a 1888. Don jin sa, zaunar da mutum ya ɗan duƙo gaba, ya ja numfashi sosai.

Kada ka tashi ba ka juya shi kan gefen hagu ba. Ɗora ƙaramar fuskar siteto a hankali, ba dannawa, a ƙasan nono. Gurnani mai zurfi bayan B2 yana nuna bawul ɗin mitiral, na tsakanin ɗakunan hagu, ya tsuke, sau da yawa sanadin ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba. Ciwon ɓangaren hagu na zuciya shi ya fi kawo hawan jinin huhu, kuma a ƙasar Hausa an san raunin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Sai ka tambaya: yaushe ta haihu? Akwai emasi, wato sikila? An taɓa maganin tarin fuka ko sida? Shekara nawa tana girki da icce a rufaffen ɗaki? In mutumin bakin kogi ne, ka sa tsargiya a lissafi. Duba jijiyoyin wuya ko sun cika, hanta ko ta sauko, ƙafa ko tana lotsawa.

Kunne yana ruɗi ta fuska biyu. Yaro siriri, mai zazzaɓi, mai ƙarancin jini, mai ciki, duk za ka iya jin B2 ɗinsu da ƙarfi ba tare da ciwon ba. Mai ƙiba ko wanda huhunsa ya kumbura da iska kuma yana iya ɗauke da ciwon ƙirjinsa shiru. Shi ya sa in an sauke zazzaɓi nake sake saurare. Sabbin siteto masu ɗaukar sauti suna zana bugun a waya, a tura wa lokotoron zuciya ya ji. Suna da amfani, sai dai in ka ɗora su a ramin da ba shi ba, shirme za su ɗauka da kyau.

Yamai ta fi kilomita 500 daga nan, kuɗin mota da masauki ba wasa ba ne ga manomi, don haka ba na tura mutum kan ƙara ɗaya. Amma in haki ya haɗu da B2 mai ƙarfi da ɗagowar ƙirji ko cikar jijiyar wuya, sai eko, a Tawa in ta samu, in ba haka ba Yamai. Wanda ke suma in ya yi aiki, da mai ciki, ba sa jira. A takardar turawa ka rubuta abin da ka ji, da wurin, da yadda ya canza da numfashi, kada ka tsaya ga "zargin HTAP", gajeren sunan ciwon da Faransanci. Kuma ka gaya wa dangi kada su sayi maganin sildenafil a kasuwa don sun ji ana ba masu wannan ciwo: wasu nau'o'in kaɗai yake yi wa aiki, in tushen daga hagun zuciya ne yana iya ƙara dagula lamarin.