Babi na 6: Azumin Sa'o'i da Yadda Za Ku Daidaita Shi da Harkokinku

Darasi na 1: Kafin a fara

Da yawanku kun tambaye ni a aji game da abin da kuke ji a rediyo, kuke kuma gani a waya, cewa mutum zai iya rage teɓa da nauyin jiki idan ya ware wasu awanni kullum bai ci komai ba. Haka ne, ana yi. Ku karanta wannan babi a hankali, ku sa yatsa ƙarƙashin kowace kalma. Wadda ta gagare ka, tambayi na kusa da kai, tambaya ba abin kunya ba ce.

Da farko, wannan ba azumin ibada ba ne. Ba ya zama a madadin Ramadan, ba ya zama ramuwa. A cikinsa ana shan ruwa, kuma dole ne ma a sha. Ana iya shan shayi, amma tsura, babu sukari babu madara. Abin da ake bari shi ne abinci da duk wani abin sha mai zaƙi.

Ba kowa ne zai yi ba. Mai juna biyu ba za ta yi ba, mai shayarwa ma haka. Yaron da bai kai shekara 18 ba a bar shi ya ci ya girma. Mai ciwon sikila, da mai gyambon ciki, da dattijon da ƙarfinsa ya ja baya, da wanda dama a rame yake, duk su haƙura. Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne mai ciwon suga. Allurar insulin da wasu ƙwayoyin suga suna sauke sukarin jini ko ka ci ko ba ka ci ba. Idan ciki ba komai sai ya sauka fiye da kima, jiki ya ɗau rawa, gumi ya karyo, jiri ya kama mutum, wani har ya suma. Duk mai shan magani kullum, na suga ko na hawan jini ko waninsu, ya ɗauki kwalin maganin ya tafi Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu, ya nuna wa likita ya ji ta bakinsa tukuna. Ni malamin karatu ne, likita shi ya san jikinka.

Me ke faruwa a jiki? Kamar magidanci ne da ba ya taɓa buhun da ke ɗakin ajiya sai na cikin kwano ya ƙare. Jiki yana fara amfani da abin da ka ci da sukarin da hanta ta ajiye, sai bayan wajen awa 12 ba ci sannan ya fi juyawa kan kitse. Kada wani ya ruɗe ku cewa abin al'ajabi ne. Da masu bincike suka kwatanta shi da rage cin abinci na yau da kullum, sakamakon kusan ɗaya ne. Sauƙinsa kawai shi ne ba sai ka auna tuwo ba, agogo za ka duba. Shi ya sa darasi na gaba ya fi kowanne muhimmanci.

Darasi na 2: Ƙidayar awanni

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kowa ya fito da littafinsa da biro. Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A saman gidan farko rubuta RANA. A na biyu rubuta CIN ƘARSHE. A na uku rubuta CIN FARKO. Wanda hannunsa ke rawa ya rubuta da manyan baƙaƙe, babu mai yi masa dariya.

Ana fara ƙidaya daga lomar ƙarshe. Ba daga lokacin da ka zauna gaban kwano ba, ba daga lokacin da ka kwanta ba. Ka wanke hannu, ka dubi waya, lambar da ka gani ita za ka rubuta. Mu ce ka gama tuwon dare da ƙarfe 8, bayan sallar Isha. Rubuta 8 a gida na biyu.

Yanzu dunƙule hannu. Ga wurin da kusan kowa ke kuskure: kada ka ɗaga yatsa a kan 8. A ƙarfe 8 ba ka yi ko minti ɗaya ba, to me za ka ƙidaya? Yatsan farko na ƙarfe 9 ne, domin sai 9 ta buga awa ɗaya ta cika. Mu yi tare da murya. 9, yatsa ɗaya. 10, biyu. 11, uku. 12, huɗu. Tsaya nan. Bayan 12 ba a cewa 13, agogo komawa yake 1. To, 1, yatsa biyar, hannu ɗaya ya cika. Ɗaya hannun: 2, 3, 4, 5, 6. Yatsu goma ke nan, gari ya waye, an daɗe da idar da Asuba. Sake dunƙule hannu: 7, sha ɗaya. 8, sha biyu. Daga 8 na dare zuwa 8 na safe awa 12 ne.

Madalla. A sake. Yatsan farko na ƙarfe nawa ne? Na 9. Ba na 8 ba. Wanda ya fara daga 8 zai ƙare a ƙarfe 7 yana zaton ya cika 12, alhali 11 ya yi. Ku sake yi har sau uku, ni ba na gajiya da jira.

Da kun ƙware ga hanya mai sauƙi. A awa 12 lambar ba ta canjawa, dare ne kawai ke komawa safe. 7 na dare, 7 na safe. 9 da rabi na dare, 9 da rabi na safe. Mai son awa 14 ya ƙara 2 a kai: 8 na dare ta kai shi 10 na safe. Mai son awa 16 ya ƙara 4: 8 na dare ta kai shi 12 na rana. Amma kada ku tsallake zuwa wannan hanya kafin yatsu su zauna, don ranar da kuka rikice yatsun ne za su fitar da ku.

Saura abu na biyu, kuma shi ma a kan lomar ƙarshe yake. Wani ɗalibi ya kawo mini littafinsa, kowace rana ya rubuta 8, tsaf-tsaf, gwanin sha'awa. Na tambaye shi, "Malam, bayan tuwon fa, ina kake zuwa?" Ya ce majalisa, gaban teburin mai shayi. Me ake sha? Shayi da madara, wani lokaci a soya indomi da ƙwai, a tashi wajen ƙarfe 11. To ai cin ƙarshensa 11 ne. Mu ƙidaya: 12 yatsa ɗaya, 1 biyu, 2 uku, a haka har 8 na safe. Awa 9 ya yi, ba 12 ba. Bai yi niyyar yaudara ba, shi a wurinsa tuwo ne abinci, shayi kuwa shayi ne. A wannan lissafin duk abin da ke da sukari ko madara ko mai, ci ne. Ludayin fura ci ne. Zoɓon da aka zuba wa sukari ci ne. Dabino ɗaya, ɓarin goro, tsinken tsire da aboki ya miƙo maka, duk ci ne. Idan ka ci, ba ka yi zunubi ba. Soke lambar farko ka rubuta sabuwa, ka fara ƙidaya daga nan. Kuma yatsan farko na awa ta gaba ne.

Haba jama'a! Duk da wannan bayani, na san ranar Asabar wani zai kawo mini littafi ya fara ƙidaya daga lambar da ya rubuta. Wasu kuma ba sa rubutawa da dare, sai da safe su zauna su ƙago lamba. Wa kake ruɗi? Littafin nan ba nawa ba ne, ba kuma maki zan ba ka ba. Ajiye biron kusa da inda kake cajin waya. Ka gama ci, ka duba, ka rubuta a take.

Aiki: (a) An gama ci 7 na dare. Ƙarfe nawa awa 12 za ta cika? (b) An gama ci 9 na dare, an karya 9 na safe. Awa nawa? (c) An ci tuwo 8, an sha kunun gyaɗa 10. Wace lamba za a rubuta? (d) A tambaya ta (a), yatsan farko na ƙarfe nawa ne?

Darasi na 3: Zaɓi lokacin da ya dace da kai

Kowa ya fara da awa 12, ya yi mako biyu a kai. Mafi yawanta barci ne, shi ya sa ba ta da wuya. Idan jiki ya karɓa, a matsa zuwa 13, sannan 14. Awa 16 da kuke ji ana ta yayatawa ba dole ba ce, kuma a ganina mutane da yawa ba sa bukatarta.

Shawarata ita ce, nemi cin da ba za ka iya bari ba, ka gina lissafin a kansa. A yawancin gidajenmu tuwon dare ne, lokacin da maigida ya dawo, yara suka taru, wasu kuma suka fito da kwanuka ƙofar gida ana ciyayya. Kada ka ƙaurace wa wannan saboda agogo. Tsarin da zai raba ka da iyali ba zai yi mako uku ba.

Mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, wanda yini yake a zaune, zai iya cin tuwo 8, ya bar kokon safe, ya karya 10 bayan ya buɗe shago. Awa 14 ke nan ba tare da ya takura ba. Ɗan dako a Singa ko Dawanau, da mai turin kurar ruwa, da birkila, ba haka za su yi ba. Ba a ɗaukar buhu da ciki wayam. Su nasu daga dare za su gyara: a ci da an idar da Magariba wajen 7, a rufe baki, da safe 7 a sha koko da ƙosai a fita. Awa 12 ta ishe su. Direban adaidaita sahu ma kada ya hau titi yana jin jiri, rayukan mutane ne a bayansa.

Iyayena mata, na san taku matsalar. Kuna kan murhu tun safe, ga ɗanɗanon miya, ga ragowar wainar da yaro ya bari ba a so a zubar. Ɗanɗana gishiri a bakin harshe ba komai. Amma ragowar yara a rufe ta a ajiye sai lokaci ya yi.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kaiwa digiri 40. A sha ruwa sosai tun daga Asuba, kada a jira ƙishi. Idan fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Wanda ya ji rawar jiki, ko ganinsa ya dushe, ko zuciya na bugawa da sauri, ya ci abinci nan take ko da saura minti goma. Ranar biki ko suna kuwa a ci da jama'a, gobe a ci gaba.

Darasi na 4: Abin da za a ci

Kada ka yi awa 14 sannan ka rama da malmala uku da lemon kwalba biyu. Wallahi wahalar banza ka sha. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya.

Fara da ruwa. Sannan abin da ke riƙe ciki: wake, ɗanwake, alala, dafaffen ƙwai, awara, kwaɗon zogale ko na rama, nono ba sukari. Garau-garau ya yi, a yawaita wake a rage mai. Manzon Allah (SAW) ya koyar da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Darasi na 5: Kwana biyu a mako

Akwai wani tsarin da wani likitan Ingila, Michael Mosley, ya yaɗa a shirin talabijin na BBC a 2012. Kwana 5 a ci kamar kullum, kwana 2 a ci kaɗan ƙwarai, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba. Mai azumin Litinin da Alhamis ya riga ya saba da kwana biyu a mako. Ya riƙe niyyarsa ta ibada, ya yi sahur, ya kuma sassauta hannu wurin buɗa-baki.

Darasi na 6: Dubawa

A auna ƙugu da tef ɗin tela, daidai cibiya, sau ɗaya a wata. A rubuta lambar a bangon littafi.

Ranar Asabar kowa ya zo da shafinsa na kwana bakwai. Wanda bai amsa (a) zuwa (d) na darasi na 2 ba ya amsa kafin ya shigo aji.