Yadda ake kashe kifi ba tare da azabtar da shi ba kafin a adana shi don bincike

Kada ka taɓa jefa kifi mai rai cikin fomalin, wato ruwan maganin da ke hana gawa ruɓewa. Yana ƙona shi, kuma kifin kan sandare a murɗe, samfurin ya lalace.

Da farko ka ɗebo ruwan da kifin ke rayuwa a ciki, ka zuba a bokiti, ka sa kifin a ciki. Auna man kanumfari, kimanin mililita 0.4 ga kowace lita. Man ba ya narkewa da sauƙi, don haka ka girgiza shi da ɗan ruwan ɗumi a kwalba har ya yi fari kamar madara, sannan ka riƙa tsiyaya shi cikin bokitin a hankali.

Za ka ga kifin ya rage iyo, ya karkata gefe, ya kwanta. A nan mutane da yawa ke gaggawa, alhali suma kawai ya yi. Zuba ido kan murfin gefen kansa da ke buɗewa yana rufewa. Bayan murfin ya daina motsi gaba ɗaya, ka bar kifin a ruwan minti 30.

Sai ka miƙar da shi, ka sa safar hannu, ka nutsar da shi cikin fomalin kashi 10 cikin ɗari. Idan babba ne, tsaga cikinsa kaɗan don maganin ya shiga.