Idan firinta na fitar da shirme: juya fayil tsakanin PCL da PostScript

Jama'a, kafin ku juya komai, ku fara gano da wane yare aka rubuta fayil ɗin, domin PCL da PostScript yaruka ne da kwamfuta ke aika wa firinta aikin bugu da su. Ku buɗe shi da Notepad ku duba layukan farko. Idan kun ga %!PS, PostScript ne na Adobe. Idan kun ga HP-PCL XL, PCL 6 ne. Firintar da ba ta jin PostScript, in aka tura mata shi kai tsaye, sai ta yi ta aman takardu masu layin rubutu biyu-uku har tire ya ƙare.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bi ta PDF. Daga PCL zuwa PDF, manhajar GhostPCL ce ke aikin, da wannan umarnin:

gpcl6 -dNOPAUSE -dBATCH -sDEVICE=pdfwrite -sOutputFile=sabo.pdf tsoho.pcl

Daga nan manhajar Ghostscript za ta mai da PDF ɗin duk abin da kuke so, gwargwadon sunan da kuka rubuta bayan -sDEVICE= a umarninta: ps2write don PostScript, pxlmono don PCL 6, ljet4 don PCL 5. Ku ƙara -r600 don kaifin bugu ya zama ɗigo 600 a kowane inci.

Matsalar da ta fi yawa ita ce girman takarda. Letter ta Amurka milimita 216 ce da 279, A4 kuwa 210 da 297, shi ya sa firinta ke tsayawa tana neman takardar da babu ita a tire. Don shafin ya dace da A4, ku saka wannan a umarnin Ghostscript: -sPAPERSIZE=a4 -dFIXEDMEDIA -dPDFFitPage.

Umarnin buga gaba da baya da zaɓen tire yakan ɓace a hanya, sai ku sake saitawa. Haruffan da PCL ke dogaro da su a cikin firinta kuma akan musanya su da makamantansu, don haka ku buga shafi ɗaya ku duba rasit ko jadawali kafin ku saki sauran.